Isar da Takardun Ɗaukaka Ƙara ga Abokan Shari'a

1.0 Gabatarwa

Duk wanda aka yanke wa hukunci a kotu bai gamsu ba, doka ta ba shi damar kai kukansa kotu ta gaba. Wannan shi ake kira ɗaukaka ƙara, ko kuma afil a bakin jama'a. Galibin mutane sun ɗauka da zarar an rubuta takarda, an biya kuɗin da aka yanka, an karɓi rasiɗi, to, ƙara ta ɗaukaka ke nan. Al'amarin kuwa ba haka yake ba. Akwai sauran mataki guda wanda in ba a cika shi ba, duk wahalar da aka sha ta zama aikin banza, watau isar da takardun ga abokin shari'a, shi wanda ya yi nasara a kotun ƙasa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa isar da takarda ba aikin masinja ne kurum ba, a kanta ikon kotun gaba ya dogara. Za a duba ma'anar isarwa da dalilinta, da tushenta a fiƙihun Malikiyya wanda kotunan alƙalai na ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi, da irin takardun da ake isarwa a manyan kotunan Nijeriya, da hanyoyin isar da su. Daga nan za a kawo abin da yakan biyo baya in an yi sakaci, sa'an nan a rufe da matsalolin da suka keɓanta da jama'ar Hausa.

2.0 Ma'anar Isarwa da Dalilinta

Bahaushe ya bambanta tsakanin aikawa da kaiwa da isarwa. Mutum yakan aika da saƙo ya salwanta a hanya. Ɗan aike kuma yakan kai saƙo gida ya tarar mai shi ba ya nan, ya bar wa yara. Amma ba a cewa an isar da saƙo sai ya shiga hannun wanda aka nufa da shi, ko kunnensa. Wannan ma'ana ta uku ita doka take nufi. Isarwa a shari'a ita ce sanar da mutum, ta hanyar da ƙa'idar kotu ta yarda da ita, cewa akwai magana a kansa a gaban alƙali, tare da ba shi kofen takardar da ke ɗauke da maganar, domin ya shirya amsa.

Dalilin haka yana cikin sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi bisa adalci kafin a yanke hukunci a kan haƙƙinsa ko abin da ke wuyansa. Ba yadda za a saurari wanda bai san ana magana a kansa ba. Saboda haka sanarwa ita ce ƙofar sauraro, sauraro kuwa shi ne ƙashin bayan adalci.

Wani zai ce ai wanda aka ɗaukaka ƙara a kansa ya riga ya san da shari'ar, tun da da shi aka yi ta a kotun ƙasa. Amsa ita ce, shari'ar da ya sani ta ƙare ranar da aka yanke hukunci. Ya koma gida da nasara a hannu, wataƙila ya sallami lauyansa, wataƙila ma ya soma noma gonar da aka ba shi ko ya tare a gidan. Ɗaukaka ƙara sabon yunƙuri ne na karɓe abin da ke hannunsa. Shi mai ɗaukaka ƙara ya san abin da ya ƙulla, amma abokin shari'arsa yana cikin duhu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Don haka ne doka ta ɗauki takardar farko ta ɗaukaka ƙara tamkar sammacin da ake buɗe sabuwar shari'a da shi.

3.0 Tushen Isarwa a Fiƙihun Malikiyya

Ba Turawa ne suka kawo wa Bahaushe wannan ƙa'ida ba. Tun kafin zuwansu alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci da littattafan mazhabar Malikiyya, musamman Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426. A cikin Tuhfa akwai fasali guda da aka keɓe domin yadda ake kawo wanda ake ƙara gaban alƙali. Wanda ke cikin gari, a aika masa manzon alƙali. Wanda ke 'yar tazara, a rubuta masa. Wanda ya yi nisa, ko hanyar garinsu ba ta da aminci, a rubuta wa wani amintacce na can ya tsaya a kan maganar. Ladan manzo yana wuyan mai neman haƙƙi, sai fa in wanda ake nema ya yi taurin kai, sa'an nan ya koma kansa.

Haka kuma malaman Malikiyya sun kasa wanda ba ya nan kashi uku. Na kusa, mai tafiyar kamar kwana uku a hanya mai aminci, hukuncinsa ɗaya da mazaunin gari, dole a sanar da shi a ba shi wa'adi. Na tsakiya, mai tafiyar kamar kwana goma, ana iya yanke hukunci a kansa, amma ban da ƙwace masa ƙasa ko gida a ba wani mai da'awa. Na nesa ƙwarai kuwa ana yanke hukunci a kansa a kowane abu, bisa sharaɗin mai ƙara ya yi rantsuwa, a rubuta sunayen shaidu, a kuma ajiye wa wanda ba ya nan damar kawo hujjarsa duk ranar da ya dawo.

Sama da duk waɗannan akwai i'izari, watau tambayar da alƙali yake yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Manyan kotunan Nijeriya sun sha rushe hukuncin kotunan ƙasa saboda rashin yin i'izari. In aka lura da kyau, isar da takarda da i'izari tushensu ɗaya. Ɗaya yana farkon shari'a, ɗaya yana ƙarshenta, amma dukansu suna toshe wa mutum kafar cewa an zalunce shi ba a ji ta bakinsa ba.

Abin da ya sauya shi ne tsawon matakalar kotuna. A dā wanda bai yarda da hukuncin alƙali ba yakan kai kuka majalisar Sarki, a aika dogari ya zo da abokin shari'arsa, magana ta ƙare a nan cikin gari. A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a Jihar Arewa, a 1960 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta maye gurbinta, wadda Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya shugabanta a matsayin Alƙalin Alƙalai daga 1962. A 1963 aka daina kai ƙara Ingila, Kotun Ƙoli ta zama ƙarshen tafiya. A 1976 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya tsakanin manyan kotunan jihohi da Kotun Ƙoli. Ta haka shari'ar gādo da aka fara a wani ƙauye tana iya hawa daga ƙaramar kotu zuwa babbarta, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har ta dangana da Abuja. A kowane mataki sai an sake sanar da abokin shari'a, kuma duk sa'ad da aka hau, tazara tana ƙaruwa tsakanin kotu da gidan mutumin.

4.0 Takardun da Ake Isarwa

Bayanin da zai biyo baya ya shafi ƙarar da ba ta laifi ba, wadda aka ɗaukaka daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, domin a nan ne ƙa'idojin suka fi fitowa fili.

Ta farko kuma uwa a cikinsu ita ce sanarwar ɗaukaka ƙara. Ana shigar da ita a ofishin rajistaran kotun da ta yanke hukuncin, cikin wata 3 in hukuncin ƙarshe ne, ko cikin kwana 14 in wani umurni ne da aka bayar ana tsakiyar shari'a. Wanda lokaci ya ƙure masa sai ya roƙi kotu ta ƙara masa, ya kuma kawo uzuri mai ƙarfi. A cikin sanarwar ake bayyana hukuncin da ake kuka da shi, ko dukansa ko wani sashe, da dalilan kukan ɗaya bayan ɗaya, da abin da ake roƙon kotu ta yi. A ƙarshenta kuma sai a jera sunayen duk waɗanda ƙarar ta shafa kai tsaye tare da adireshin kowannensu. Wannan jeri na ƙarshe, wanda ake yawan raina shi, da shi masinjan kotu yake aiki. In suna ya faɗi a nan, ko adireshi ya zama na ƙarya, to, an gina ƙarar a kan rairayi.

Ta biyu ita ce kundin shari'a, watau tarin duk abin da ya gudana a kotun ƙasa, da maganganun shaidu, da takardun da aka karɓa, da hukuncin kansa. Rajistara yana da kwana 60 ya harhaɗa shi ya aika kotun gaba. In ya kasa, nauyin ya koma kan mai ɗaukaka ƙara, ya yi cikin kwana 30. Abokin shari'a yana da haƙƙin a ba shi kofe, domin kotun gaba ba ta sake kiran shaidu a bisa al'ada, abin da ke cikin kundi shi take dubawa.

Ta uku ita ce rubutaccen jawabin hujjoji. Mai ɗaukaka ƙara yana shigar da nasa cikin kwana 45 bayan samun kundi. Abokin shari'arsa yana da kwana 30 ya mai da amsa, kuma ana soma ƙirga masa ne daga ranar da aka isar masa da jawabin. Bayan haka mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 14 in yana son ya yi raddi. A nan za a ga wani amfanin isarwa, watau ita ce ke tayar da agogo. Wanda ba a isar masa ba, ba a cewa ya makara.

Ta huɗu ita ce takardar roƙo, kowace iri ce. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce ta neman a dakatar da zartar da hukunci, domin ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta hana wanda ya yi nasara cin moriyar nasararsa. Tun da roƙon yana neman a ɗaure masa hannu ne, wajibi ne ya sani ya zo ya faɗi nasa.

Ta biyar ita ce sanarwar ranar zama. Ko an isar da duk takardun da aka ambata, in ba a gaya wa mutum ranar da kotu za ta saurari ƙarar ba, aka zauna ba shi, zaman ya ɓaci. Haka nan in an ɗaga shari'a ba ya nan, sai an sake sanar da shi sabuwar rana.

5.0 Hanyoyin Isarwa

5.1 Hannu da Hannu

Asalin ƙa'ida game da sanarwar ɗaukaka ƙara shi ne a miƙa ta ga mutumin da kansa. Masinjan kotu yakan je inda yake, ya tabbatar shi ne, ya ba shi kofe, ya nemi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a bayan wani kofen. In ya ƙi karɓa, masinja ya gaya masa ko takardar mece ce, ya ajiye ta a gabansa. Ƙin karɓa ba ya kuɓutar da kowa, don abin da ake bukata shi ne sani, shi kuwa ya samu. A ƙa'idojin manyan kotunan jihohi da dama ana isarwa ne tsakanin ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 6 na yamma, ban da ranar Lahadi da ranakun hutun gwamnati, sai in alƙali ya ba da izini na musamman.

In kamfani ne, ana kai takardar babban ofishinsa, ko a miƙa wa ɗaya daga cikin manyan jami'ansa. In yaro ne wanda bai balaga ba, ko mai taɓin hankali, ana miƙa wa waliyyinsa. In ɗan fursuna ne, ana bi ta hannun shugaban gidan yarin. In kuwa mutum ya rasu, ba a shari'a da mamaci, sai an roƙi kotu ta sa magadansa ko mai kula da dukiyarsa a madadinsa, sa'an nan a isar musu.

Da zarar sanarwar farko ta isa, nauyi ya hau kan wanda aka ɗaukaka ƙara a kansa ya shaida wa kotu adireshin da za a riƙa kai masa sauran takardu, galibi ofishin lauyansa. Daga nan ba a bukatar neman sa ido da ido a kan kowace takarda.

5.2 Isarwa ta Madadi

Wani ba a san inda yake ba, wani kuma da gangan yake ɓuya. Doka ba ta bar mai ɗaukaka ƙara ya rasa mafita ba. Sai ya shigar da roƙo tare da takardar rantsuwa, ya bayyana ƙoƙarin da aka yi da yadda ya ci tura. In kotu ta gamsu, sai ta ba da umurni a liƙa takardar a ƙofar gidan da aka san shi da shi na ƙarshe, ko a ba wani baligi na gidan, ko a buga a jarida, ko a bi wata hanya da ake kyautata zaton za ta kai labari gare shi. Abin lura a nan shi ne, izini yana gaba, aiki yana baya. Wanda ya liƙa takarda a bango bisa ra'ayin kansa, sa'an nan ya zo neman kotu ta albarkaci abin da ya yi, ya sa ƙararsa cikin haɗari. Kuma hanyar da kotu ta ambata ita za a bi sak. In ta ce a liƙa a gida, ba a kai wa kanti.

5.3 Isarwa ta Na'ura

Ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun yarda a isar da takardu ta imel, har da sanarwar ɗaukaka ƙara. Ƙa'idojin Kotun Ƙoli na 2024, waɗanda suka maye gurbin na 1985, su ma sun buɗe ƙofar shigar da takardu da isar da su ta na'ura. Kotuna kuma sun karɓi sanar da lauya ranar zama ta saƙon wayar hannu, muddin akwai shaidar an aika kuma an ba da isasshen lokaci. Wannan sauƙi ne babba ga lauyoyi da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Amma manomin da ba shi da imel, har yanzu ƙafar masinja ce hanyarsa.

5.4 Shaidar Isarwa

Kotu ba ta aiki da zato. Bayan masinja ya dawo, sai ya cika takardar rantsuwa ya faɗi wanda ya ba, da wurin, da ranar, da lokacin, da yadda ya ba shi. Wannan takarda ita alƙali yake nema a cikin fayil kafin ya ci gaba in wani ɓangare bai zo ba. Ana ɗaukar ta a kan gaskiya har sai an ƙaryata ta. Wanda ya ce ba a kawo masa kome ba, faɗa da baki ba ya isa, sai shi ma ya shigar da tasa takardar rantsuwar ya musanta dalla-dalla. In rantsuwa biyu suka yi karo, kotu tana iya kiran masinjan a yi masa tambayoyi.

6.0 Sakamakon Rashin Isarwa

Kurakurai a shari'a iri biyu ne. Akwai wanda ake gyarawa a ci gaba, akwai kuma wanda yake rushe ginin tun daga tushe. Rashin isarwa yana cikin kashi na biyu. A shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 an kafa cewa kotu ba ta da ikon sauraron magana sai an kawo ta bisa ƙa'ida, an kuma cika duk sharuɗɗan da ke gabatar sauraro. A shari'ar Skenconsult da Ukey ta 1981 Kotun Ƙoli ta nuna cewa inda ake bukatar isarwa ba a yi ba, umurnin da aka bayar ɓatacce ne, kuma wanda abin ya shafa yana da haƙƙin a soke shi. Kyawun hukunci ba ya ceton sa, haka nan gaskiyar mai ɗaukaka ƙara.

Shari'o'in zaɓe sun fi nuna tsananin wannan ƙa'ida, saboda sashe na 285 na Tsarin Mulki ya ba kotun gaba kwana 60 kacal ta gama da ƙarar da aka ɗaukaka. Wanda ya yi kuskure ba shi da lokacin komawa ya gyara. A 2015 Emeka Ihedioha, wanda ya ƙalubalanci zaɓen Rochas Okorocha a matsayin gwamnan Jihar Imo, ya rasa ƙararsa a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda matsalar isar da sanarwa ga waɗansu daga cikin waɗanda yake ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka.

Misali na biyu shi ne rikicin kujerar sanata ta Kuros Riba ta Arewa. Bayan zaɓen cike gurbi na watan Disamba 2020, an rantsar da Stephen Odey, alhali Jarigbe Agom Jarigbe yana da'awar shi ne halattaccen ɗan takarar jam'iyyar PDP. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba Jarigbe gaskiya, Odey ya tafi Kotun Ƙoli. A watan Fabrairu 2021 alƙalai 7 suka zauna, 4 suka ce ba a isar da sanarwar ɗaukaka ƙara yadda ƙa'ida ta shimfiɗa ba, don haka kotu ba ta da ikon duba ƙarar. Sauran 3 suka saɓa musu, suna ganin aibin bai kai a yar da ƙarar ba. Ra'ayin masu rinjaye ya tsaya, kuma kafin shekarar ta ƙare Jarigbe ne a kan kujerar. Kotun Ƙoli ba ta kai ga duba wanda ya ci zaɓen fid da gwani ba, takarda ce ta raba gardama.

Wannan saɓani na alƙalai ya taso da tambaya mai nauyi: shin ƙa'ida ake bauta wa, ko manufar da aka kafa ta dominta? Masu tsanantawa suna cewa in aka sassauta, kowa zai riƙa cewa ai abokin shari'ata ya ji labari a gari, daga nan sai ƙofar zalunci ta buɗe. Masu sassautawa kuma suna cewa wanda ya zo kotu da lauyansa, ya mai da amsa, bai kamata ya juyo ya fake da cewa ba a damƙa masa takarda a tafin hannu ba. Ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara sun ɗauki hanyar tsakiya, sun ce in kotu ta gamsu sanarwar ta kai ga mutumin a haƙiƙa, ba za a saurari sukar cewa ba hannu da hannu aka ba shi ba. Duk da haka mai hankali ba ya dogara da wannan rangwame. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

7.0 Matsalolin Isarwa a Ƙasar Hausa

Ƙa'idojin manyan kotuna an tsara su ne da tunanin gida mai lamba a titi mai suna, da mutum mai karanta Turanci. Rayuwar Bahaushe ta saɓa da haka ta fuskoki da dama.

Na farko, adireshi. A cikin tsofaffin birane da ƙauyuka ana gane gida da sunan mai shi ko da kwatance, kamar bayan masallacin Juma'a ko kusa da rijiya. Sunaye kuma suna maimaituwa, unguwa guda tana iya ƙunsar mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Maganin wannan shi ne mai ɗaukaka ƙara ya ba da cikakken kwatance da laƙabin da aka fi sanin mutumin da shi, in da hali ya raka masinja ya nuna masa.

Na biyu, tsarin gida. Baƙo namiji iyakarsa zaure. A shari'o'in aure da gādo da riƙon 'ya'ya kuwa sau da yawa mace ce ake nema, wani lokaci ma tana zaune a ƙarƙashin ikon wanda ba ya son ta ji labarin. Takardar da aka miƙa wa maigida a zaure tana iya kwana a aljihunsa har ranar shari'a ta wuce. Kamata ya yi masinja ya nemi a kira ta ta fito soro, ko kotu ta aika ma'aikaciya mace.

Na uku, bi ta hannun mai unguwa ko dagaci. Wannan tsohuwar al'ada ce mai amfani, don ba wanda ya san jama'a kamarsu. Amma ba wa mai unguwa takarda ba isarwa ba ce ga mai ita, sai in kotu ce ta yi umurni da haka. Aikinsa shi ne ya yi jagora ya kuma zama shaida.

Na huɗu, tafiye-tafiye. Ɗan cin rani da makiyayi da falke ba su da mazauni guda a shekara. Liƙa takarda a ƙofar wanda ya tafi kudu tun bayan kaka ya cika ƙa'ida a rubuce, amma bai kai labari ba. A irin wannan hali sanarwa ta gidan rediyo da Hausa ta fi jaridar Turanci kusa da manufar doka, kuma ba abin da ya hana lauya ya roƙi kotu ta haɗa da ita.

Na biyar, wanda ya fi shafar ɗaliban harshe, shi ne harshen takardar. Ƙananan kotunan shari'ar Musulunci suna aiki da Hausa, amma daga Babbar Kotu zuwa sama Turanci ne, Turancin ma na lauyoyi. Tsarin Mulki ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma da laifi abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Mai shari'ar gona kuwa yakan karɓi takarda mai shafi goma, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin tabarma, yana zaton kofen nasararsa ce aka kawo masa. A idon doka an isar, a haƙiƙa kuwa bai san kome ba. Da za a riƙa haɗa kowace sanarwa da taƙaitaccen bayani da Hausa, cikin boko da ajami, mai faɗin kotun da ake nemansa, da abin da ake so a karɓe masa, da kwanakin da suka rage masa, da an rufe wannan giɓi da shafi guda. Wannan aiki ne da sassan koyar da Hausa za su iya yi tare da ma'aikatun shari'a, musamman wajen daidaita kalmomi, domin har yanzu kalmar sammaci ita kaɗai take ɗaukar nauyin takardu iri-iri waɗanda hukuncinsu ya bambanta.

8.0 Kammalawa

An ga cewa isar da takardun ɗaukaka ƙara sharaɗi ne na ikon kotu, kuma fiƙihun Malikiyya da dokokin Nijeriya sun haɗu a kan haka. An kawo takardu biyar da ake isarwa, da hanyoyi uku na isar da su, da shaidar da kotu take nema, da misalan waɗanda suka rasa ƙararsu ba tare da an duba gaskiyarsu ba. Abin da ya wajaba a kan mai ɗaukaka ƙara shi ne ya rubuta sunan kowa da adireshinsa daidai, ya bi sawun masinja, ya nemi izinin kotu kafin ya bi hanyar madadi, ya kuma duba fayil da idonsa ya ga takardar rantsuwa tana ciki kafin ranar zama. Wanda aka kawo wa takarda kuma kada ya guje ta ko ya ajiye ta, ya nemi wanda zai karanta masa a ranar, domin daga wannan rana kwanakinsa suka soma tafiya.